Kundin digiri a fannin kiɗa: tarihi, aiwatarwa ko ƙirƙira?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen nazarin kiɗa da waƙa. Ina kaɗa fiyano, ina kuma ɗan tsara kiɗa nawa na kaina. Na kai wa malamin da ke duba aikina batu a kan tarihin kiɗa a ƙarni na 20, ya ce ya yi faɗi. Na koma na ce to zan tsara sabon kiɗa in gabatar, ya ce wannan ba zai karɓu ba sai na nuna masa tambayar da nake son amsawa. Gaskiya kaina ya ɗaure. Mene ne bincike a fannin kiɗa, kuma wanne ya fi dacewa in ɗauka tsakanin tarihi, aiwatarwa da ƙirƙira?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Tambayarki rassa biyu gare ta: me ake kira bincike a wannan fanni, sannan wace hanya za ki bi. Ta farkon ce mai nauyi, in ta warware, ta biyun ba za ta ba ki wahala ba. Malaminki abu ɗaya ya faɗa miki sau biyu. Tarihin kiɗa a ƙarni na 20 fili ne da ɗaruruwan masana suka ƙarar da rayuwarsu a cikinsa ba su kai bakinsa ba. Tsara kiɗa kuwa aiki ne da za ki iya yi ko da jami'a ko babu ita. Abin da yake nema a wurinki shi ne wani abu takamaimai da ba ki sani ba yau, wanda za ki iya sani kafin ƙarshen zangon karatu, ta hanyar da wani zai iya bi ya duba ko gaskiya kika faɗa. Duk aikin da ya cika waɗannan sharuɗɗa bincike ne, ko a ɗakin karatu aka yi shi ko da yatsu a kan fiyano. Na daɗe ina duba kundayen ɗalibai, kuma yawancin waɗanda suka sha wuya masu ƙwazo ne. Matsalarsu ita ce ba a tsayar da tambaya tun farko ba, sai suka yi ta tara bayanai ba su san inda za su zuba su ba.

Inda rabon ya samo asali

A shekarar 1885 wani masani ɗan Ostiriya, Guido Adler, ya rubuta maƙalar da ta shata wa nazarin kiɗa iyaka a jami'o'in Turai. Ya raba shi gida biyu: ɓangaren tarihi, mai bin diddigin rubutattun kaɗe-kaɗe da sauyin salo daga zamani zuwa zamani, da ɓangaren ƙa'idoji, mai duba dokokin sauti da jituwarsa da yadda ake koyar da shi. A wannan shekara dai Alexander Ellis a Ingila ya fito da ma'aunin da ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama kashi 1200. Da ya auna kayan kiɗan ƙasashe daban-daban da shi, sai ya ga matakan sautin da Turawa suka ɗauka kamar dokar halitta tsari ɗaya ne kawai a cikin tsare-tsare masu yawa. Ga kuma na'urar ɗaukar sauti da Edison ya ƙera a 1877. Kafin zuwanta, duk kiɗan da ba a rubuta ba yana watsewa ne tare da watsewar taro. Da aka buɗe taskar adana sauti a Vienna a 1899, aka buɗe ta Berlin a 1900, mai nazari ya samu damar maimaita waƙa guda har ya ƙoshi, ya kuma gwama ta da wata. A kan wannan ne nazarin kiɗan al'ummomi ya ginu, har Alan Merriam ya zo a 1964 ya ce a riƙa duba abu uku a tare: yadda mutane suka ɗauki kiɗa a tunaninsu, abin da suke aikatawa lokacin yin sa, da sautin kansa.

Ki lura cewa a duk wannan tsari makaɗi da mai tsara kiɗa abin nazari ne, wani ne ke zuwa ya yi rubutu a kansu. Su wurinsu makarantun koyon kiɗa ne. Karɓar aiwatarwa da ƙirƙira a matsayin bincike abu ne na baya-bayan nan, ya yi ƙarfi ne daga shekarun 1990, musamman a Birtaniya da Ostireliya da arewacin Turai, kuma har yau ba a gama jayayya a kai ba. A 2015 John Croft, wanda shi kansa mai tsara kiɗa ne kuma malamin jami'a a Ingila, ya buga maƙala yana cewa tsara kiɗa ba bincike ba ne, aka yi ta mayar masa da martani. Saboda haka kada ki ɗauka malaminki tsana ce ta sa shi. Yana tsaye ne a kan wata tsohuwar muhawara da ya kamata ke ma ki san ta.

In tarihi kika ɗauka

Ɗalibai da yawa suna ganin wannan ce hanya mai sauƙi, wai ai karanta littattafai ne a taƙaita. Taƙaita abin da wasu suka rubuta shi ne bitar ayyukan da suka gabata, babi guda ne a kundi. Aikinki na kanki yana farawa ne ranar da kika tsaya gaba da gaba da shaidar asali: takardar da mai kiɗa ya rubuta da hannunsa, wasiƙa, tallar taro a tsohuwar jarida, faifai, rajistar shirye-shiryen gidan rediyo, ko bakin wanda aka yi abin a gabansa.

Misalin da nake yawan ba ɗalibaina shi ne na Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Tun daga littafin Philipp Spitta na shekarun 1870, masana sun yarda cewa Bach ya yi ta tsara waƙoƙinsa na coci a hankali a tsawon zamansa a Leipzig, har zuwa shekarun tsufansa. Kusan shekara 80 ana karantar da haka. A shekarun 1950 sai Alfred Dürr da Georg von Dadelsen suka koma ga takardun kansu. Suka duba tambarin masana'anta da ke ɓoye a jikin takarda, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta a haske, suka kuma bi rubutun hannun yaran da ke kwafa wa Bach aikinsa, suna lura da yadda hannun kowane yaro ke sauyawa yayin da yake girma. Da wannan suka nuna cewa mafi yawan waƙoƙin an yi su ne a 'yan shekarun farko bayan isarsa garin a 1723, kusan kowane mako sabuwa. Hoton Bach da aka sani ya canza gaba ɗaya, alhali tambayar da suka yi ƙarama ce: yaushe aka rubuta wannan takarda?

Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen. Wani kiɗa mai taushi da ya zagaye duniya da sunan Tomaso Albinoni, mutumin Venice da ya rasu a tsakiyar ƙarni na 18, a 1958 aka fara buga shi. Remo Giazotto ne ya fitar da shi, ya ce a kan wani guntun rubutun Albinoni ya gina shi, amma ba a taɓa gabatar da asalin guntun don masana su tantance ba, kuma yau ana ɗaukar kiɗan a matsayin aikin Giazotto. Duk da haka har gobe za ki ga sunan Albinoni a jikin fayafai da shafukan intanet. Yawan masu faɗin magana ba ya ƙara mata ƙarfi in duk daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko. Ki riƙa bin kowane bayani yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, har ki kai ga wanda ya fara.

Faifai ma shaida ce da sai an yi mata tambayoyi. Tsohon faifan garmaho mai faɗin inci 10, mai juyi 78 a minti, kamar minti uku yake ɗauka a kowane gefe. Waƙar da ake shafe rabin sa'a ana yi a wurin taro dole aka datse ta ta shiga. Ɗalibin da ya saurari irin waɗannan fayafai ya rubuta cewa waƙoƙin wancan zamani gajeru ne, faifan ya auna, bai auna waƙar ba. Kafin 1925 ma ba da makirufo ake ɗauka ba. Makaɗa kan cunkushe ne a gaban wani babban mazurari, a matsar da mai ƙarfin amo baya, wani kayan kiɗan ma a musanya shi da wanda na'urar ke iya kamawa. Sannan ba duka fayafan ne aka ɗauka a kan juyi 78 daidai ba, kuma in saurin juyi ya sauya, kaifin murya da gudun kiɗa duk suna sauyawa. Ko taskar da aka tara da kyakkyawar niyya tana da zaɓin wanda ya tara ta. A babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, wanda masana irin su Bartók da Hornbostel da Robert Lachmann suka halarta, an ɗauki sautin ƙungiyoyin makaɗa daga Iraƙi da Maroko da Tunisiya da sauransu, taska ce mai daraja ƙwarai, amma masu ɗaukar sun fi karkata ga abin da suke ganin tsoho ne na asali. Wanda ya dogara da ita kaɗai ba zai ji yawancin abin da mutanen birni ke saurare a wannan shekara ba.

In kiɗan da kike bi ba a rubuce yake ba, to hira ce babbar hanyarki, kuma ita ma sana'a ce. Kada ki saka wa mutum amsa a baki. Maimakon ki ce "ashe a shekara kaza kuka yi wannan waƙa?", ki kunna masa waƙar ki yi shiru, abin da zai faɗa yana saurare ya fi abin da jerin tambayoyinki zai ciro. Mutane ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma suna riƙe abin da ya faru a lokacin, sai ki ɗauki wannan ki nemo shekararsa a wani wuri. Na kuma lura 'yan amshi da masu riƙe kayan kiɗa sau da yawa sun fi magada sanin yadda aka gina waƙa, domin su ne suka zauna aka yi ta maimaita ta da su. In shaidu biyu suka saɓa, ki rubuta saɓanin yadda yake. Batun da ya dace da shekara ɗaya a nan shi ne kamar makaɗi guda a shekaru goma na rayuwarsa, ko waƙa guda da aka ɗauka sau uku a lokuta mabambanta.

In aiwatarwa kika ɗauka

A nan nake ganin ƙarfinki yake, tunda hannunki na kan fiyano. Tushen wannan reshe shi ne takarda ba ta ɗauke da dukkan kiɗa. Charles Seeger ya bambance a 1958 tsakanin rubutun da ke gaya wa makaɗi abin da zai yi da rubutun da ke bayyana abin da ya fito a zahiri. Tazarar da ke tsakanin biyun nan, nan ne gonarki. Robert Philip ya zauna da fayafan rabin farko na ƙarni na 20, ya fitar da sakamakonsa a 1992: masu goge na wancan lokaci suna zamewa daga sauti zuwa sauti sosai, ana ƙara gudu a rage a cikin kiɗa ɗaya ba tare da jin an yi laifi ba, masu fiyano kan sa hannun hagu ya riga na dama sauka kaɗan. Yawancin wannan babu shi a takarda, kuma wasu daga cikin masu kaɗawar su ne suka tsara kiɗan ko almajiransu ne. Wannan ya girgiza masu cewa bin takarda sak shi ne bin nufin mai kiɗa.

Ga wata tambaya da har yau ba ta mutu ba. Wani maƙerin na'urori mai suna Mälzel ya yi rajistar na'urar ƙidayar bugu a 1815, shahararren mai tsara kiɗa Beethoven ya karɓe ta da murna, a 1817 aka buga lambobin gudun da ya sa wa manyan kaɗe-kaɗensa takwas na taron makaɗa. Makaɗa da yawa sun ga lambobin gudun da yake sawa sun yi sauri, musamman 138 da ya sa a farkon wani dogon kiɗansa na fiyano, wanda kaɗan ne ke kai wa. Wasu sun ce na'urarsa ce ta lalace, wasu sun ce kurumta ta sa yana jin kiɗan a ka ne kawai, wasu kuma sun ce fiyanon zamaninsa madannansa sun fi sauƙin dannawa, sautinsa kuma ya fi saurin mutuwa, don haka gudun ya dace da shi. Ba ke za ki kashe wannan muhawara ba, amma irin aikin da ake yi a cikinta kina iya yin sa. Ki ɗauki ɗan gajeren kiɗa da kika iya sosai, ki tara ɗauka goma daga shekaru mabambanta, ki auna gudun kowacce gaɓa bayan gaɓa da manhajar Sonic Visualiser, wadda kyauta ce, sannan ki zauna ki kaɗa shi a kowane salo ki rubuta abin da salon ya nema daga hannunki: ina yatsu suka canza, ina numfashin jimla ya koma, me ya ɓace, me ya fito. Wannan kashi na ƙarshe shi ne abin da wanda ba ya kaɗawa ba zai iya kawowa ba.

Mantle Hood ya dage tun 1960 cewa mai nazarin kiɗan wata al'umma sai ya koyi kaɗa shi. Aikin Gerhard Kubik a Yuganda ya nuna dalilin. Ya koyi amadinda, kayan kiɗan katako na masarautar Buganda da ke ƙasar, inda mutum biyu ke zama suna fuskantar juna, kowa na jefa bugunsa a tsakanin na ɗan'uwansa da gudu mai tsanani. Da ya saurari abin da aka ɗauka, sai ya ji wasu salon karin kiɗa da babu ko ɗaya cikin makaɗan da ya buga su. Kunne ne ke harhaɗa su daga bugun biyun. Da bai san abin da hannu ke yi ba, da ya rubuta abin da kunne ya ji a matsayin abin da aka buga. Simha Arom kuma a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya rasa yadda zai rarrabe muryoyin da suka sarƙe, sai ya ɗauki ƙungiyar gaba ɗaya, ya riƙa sa wa kowane mutum abin a kunne yana yin nasa kason shi kaɗai ana ɗauka. Ki duba yadda a duka biyun matsalar ce ta haifi dabarar.

Haɗarin wannan hanya biyu ne. Na ɗaya, ke ce mai bincike kuma ke ce shaida, zuciya kuwa tana son abin da ta riga ta zaɓa. Maganinsa ki ɗauki sautin kowane zaman gwaji, ki sa kwanan wata, ki rubuta abin da kika gwada a ranar kafin ki manta, sannan ki kunna wa wasu makaɗa ba tare da kin gaya musu wanne ne wanne ba. Na biyu shi ne ruɗin jadawali. Kwamfuta za ta ba ki lambobi da zane-zane masu kyan gani, amma na ga kundaye cike da su ba tare da jimla guda da ta ce ga abin da wannan ke nufi ga mai sauraro ba. Ki fara ji da kunne, ki yi zato, sannan ki auna don ki gaskata ko ki ƙaryata zaton. Ga mai sha'awar waƙar baka, akwai tambaya mai daɗi a harsuna masu karin sauti irin su Hausa da Yarabanci da Sinanci: yaushe karin waƙa ke bin hawa da saukar kalma, yaushe yake saɓa musu, kuma me mawaƙi ke yi don ma'ana kada ta ɓace? Ana iya sa mutum ya faɗi baiti da magana, sannan ya rera shi, a gwama biyun da manhajar Praat.

In ƙirƙira kika ɗauka

Wannan ce ta fi wuyar karewa a gaban malamai, kuma maganar Croft tana da ƙamshin gaskiya: kiɗa mai ratsa zuciya na iya fitowa ba tare da wata tambaya ba, kiɗa marar daɗi kuma na iya zuwa da tambaya tsararriya. Duk da haka ni ina cikin masu ganin ƙirƙira na iya zama bincike, in aka sa ta ta warware wata matsala da za a iya faɗa da baki.

Béla Bartók, mai tsara kiɗa ɗan Hangari, ya fara yawon ƙauyuka da na'urar ɗaukar sauti a wajen 1906, shi da abokinsa Zoltán Kodály. Ya tara dubban waƙoƙi daga Hangari da Romaniya da Sulobakiya, ya je har Biskra a Aljeriya a 1913, ya rubuta su dalla-dalla ya kasa su aji-aji. Daga baya ya bayyana hanyoyi uku da mai tsara kiɗa ke amfani da irin wannan gado: ya ɗauki karin yadda yake ya yi masa rakiya, ko ya ƙirƙiri nasa karin a kan zubinsa, ko ya sha shi har ya zama masa kamar harshen uwa, yana fitowa a aikinsa ba tare da ya ari ko layi ɗaya ba. Akin Euba na Najeriya, wanda ya rasu a 2020, ya shafe shekaru yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta ganguna, bayan ya yi nazari mai zurfi a kan kiɗan dundun na Yarabawa. Steve Reich na Amurka ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan al'ummar Ewe, ya dawo da shawarar cewa tsarin ginin kiɗan zai ɗauka, ba zai kwaikwayi amonsa ba. Kowannensu yana da matsalar da yake kokawa da ita, kuma ana iya bin sawun kokawar a cikin aikinsa.

Ga yadda irin wannan tambaya za ta kasance a matakinki. Kalangu da danginsa suna zamewa tsakanin sautuka saboda makaɗi na matse tsarkiya yana saki. Fiyano kuwa kowane madanni sautinsa a kafe yake, ba ya zamewa. To ta yaya za a sa mai sauraro ya ji wannan zamiya a fiyano? Ki gwada dabaru uku, ki tsara gajeren kiɗa a kan kowacce, ki kunna wa masu kaɗa gangar da kuma waɗanda ba su san ta ba, ki rubuta abin da kowane rukuni ya ji. Kiɗan shi ne gwajin, sharhin da ke tare da shi shi ne rahoton. Sharhin nan a nan ɗalibai ke faɗuwa: wasu su mayar da shi yabon kai, wasu su mayar da shi labarin yadda suka ji a ransu. Abin da ake so shi ne wa ya riga ki gwada wannan, me ya yi, ina kika bi shi, ina kika rabu da shi, kuma wace dabara ce ta ƙi aiki. Kada ki jefar da zubin da kika soke, shi ne hujjarki cewa an yi tafiya. Ki kuma tuna in kiɗan na buƙatar wasu makaɗa, lokacinsu ba a hannunki yake ba. Na ga ayyuka masu kyau da suka kai ranar kare kundi ba a taɓa jin su da kunne ba.

Haƙƙin masu kiɗa da adana abin da kika ɗauka

Duk hanyar da kika bi, in za ki ɗauki muryar wani ko ki gina a kan aikinsa, akwai amana a wuyanki. Solomon Linda ya ɗauki waƙarsa Mbube a Johannesburg a 1939, aka juya ta a Amurka ta tara dukiya mai yawa, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka yi sulhu da iyalinsa. Fanninmu yana ɗauke da irin wannan tarihi, shi ya sa nake tsananta wa ɗalibaina a nan. Ki gaya wa mutum abin da za ki yi da sautinsa, ki nemi izininsa a rubuce ko a cikin ɗaukar kanta, ki tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa, ki kuma mayar masa da kwafi. In ya ce wani sashe ba na yaɗawa ba ne, ya zauna haka. Ta fuskar aiki kuma, ki ɗauka a tsarin WAV, kada ki tura wa kanki ta manhajar hira domin tana matse sauti ta zubar da wani abu daga cikinsa, ki ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kowane fayil kuma ki rubuta masa rana da wuri da sunayen waɗanda ke ciki tun ranar da aka ɗauka.

To wanne?

Ban ji kiɗanki ba, ban kuma ga ƙa'idar sashenku ba, ita kuwa tana gaba da maganata: wasu sassan suna raba maki tsakanin abin da aka gabatar da abin da aka rubuta, wasu rubutun kaɗai suke dubawa. Ki nemi wannan ƙa'ida a rubuce a wannan makon, ki kuma karanta kundaye biyu ko uku na waɗanda suka riga ki da suka samu sakamako mai kyau. Amma bisa abin da kika faɗa, ni aiwatarwa zan tura ki. Shaidarta tana kusa da ke, fayafan suna samuwa, kayan aikin kyauta ne, kuma za ta sa ki taɓa tarihi dole, tunda sai kin san waye ya ɗauki kowane faifai, yaushe, a wane hali. Sha'awarki ta ƙarni na 20 ma ba ta tafi a banza ba, za ki bi ƙarnin ne ta cikin kiɗa guda. Ƙirƙira kuma in zuciyarki ta nace a kanta, ki je da matsala irin wadda na kwatanta, ƙarama, mai gwaji.

Kafin ki koma wurin malaminki, ki rubuta shafi ɗaya tak. A sama tambayar cikin jimla guda mai ƙarewa da alamar tambaya. A ƙasa shaidar da take hannunki yanzu, wadda kin riga kin saurara ko kin gani da idonki, ban da wadda kike fatan samu. Sai matakan da za ki bi, sai abin da in kika same shi zai nuna zatonki kuskure ne, sai rabon makonnin da suka rage, ki bar wa rubutu da gyara aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Ki tafi da fayafai biyu daga cikin goman, mafi tsufa da mafi sabunta, ki kunna masa minti ɗaya na kowanne, ki nuna masa daidai wurin da suka rabu.